Alkama Bisa Kankare

A shekarar 1982 Agnes Denes ta shuka alkama eka biyu a kan jujin Battery Park da ke Manhattan, dab da Wall Street. Sai da aka jibge ƙasar noma mota 200, aka yi wata huɗu ana ban ruwa da cire ciyawa, kafin a girbe kimanin kilo 450 a filin da aka ƙiyasta kuɗinsa dala biliyan 4.5. Ƙarfin aikin daga wannan saɓanin ya fito: hatsi ƙalilan ya tsaya gaban masu juya dukiyar duniya yana tuhumarsu kan yunwa da almubazzaranci.

Wannan ne ya sa nake adawa da yadda ake maimaita shi. A 2015 an sake shuka shi hekta biyar a Porta Nuova ta birnin Milan, unguwar sababbin benaye da hukumar zuba jarin Qatar ta mallake a shekarar. A 2024 kuma aka girke shi a dandalin baje kolin Art Basel, inda attajirai ke cinikin zane-zane. Wanda ake tuhuma shi ne ya zama mai masauki, gonar kuwa ta koma adon ƙofar gidansa.

Za a ce Denes ta amince, matasa kuma sun samu gani da idonsu. Ban musa ba. Amma alkama kaɗai suka gani, domin tuhumar ba ta tsira a filin da mai shi ke murnar karɓar baƙi. Duk mai son raya aikin, ya nemi fili inda shukar za ta ɓata wa mai ƙarfi rai.