Waiwaye: Ranar Karɓar Sakamako

Da yawanmu ba mu manta da ranar da ake ba da hutu a firamare ba. Hedimasta na tsaye a gindin tuta, yana kiran na ɗaya da na biyu, ana tafi. A hanyar gida kuwa kowa da bayaninsa. Wanda ya yi nasara ya ce, "Na ci." Wanda bai yi ba ya ce, "Malam ya kayar da ni." Can baya akwai wanda ya fi ba ni tausayi, ya naɗe katinsa a aljihu yana cewa, "Ni dama ba ni da kan lissafi." Da wuya ka sake ganin wannan yaron ya ɗaga hannu a aji.

Amma da yamma, mu ɗin dai, sai mu ɗauki allo. Idan yaro ya kakare wajen biyawa, malam kan ce, "Ba ka yi tilawa ba, koma ka maimaita." Ba za a wanke allon ba sai karatu ya zauna. Bulala tana nan, ba a musu, sai dai malam ya ɗora laifin a kan abin da yaro zai iya gyarawa kafin gobe. Wannan hikimar ce muka bari ta kuɓuce mana.

A 1975 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Carol Dweck, ta gwada yara goma sha biyu masu saurin karaya. Wasu aka riƙa ba su lissafin da za su ci kullum. Wasu kuma aka bar su suna faɗuwa jefi-jefi, ana ce musu ƙoƙari ne bai isa ba. Da wuya ta zo, na biyun ne suka jure. A 1998 ita da Claudia Mueller suka gano cewa yaran da aka yaba wa basirarsu sun fi guje wa aiki mai wuya fiye da waɗanda aka yaba wa himmarsu.

Yau sakamakon WAEC a waya yake fitowa, kuma sai ka ji, "Ba rabona ba ne." Ƙaddara gaskiya ce, amma ai sai an yi shuka ake jiran girbi. Mu iyaye ma da bakinmu muke kiran ɗa daƙiƙi a gaban ƙannensa, alhali ba mu taɓa buɗe littafinsa mun ga a wane layi lissafin ya karkace ba.