Kada takunkumi ya zama sabon dalilin korar yara daga makaranta a Diffa

Tun da cutar korona ta sake ɗagowa a Nijar a watan Disamba na 2020, an koma matsa wa makarantu lamba a kan takunkumin rufe baki da hanci. Ba ni da ja a kan haka. Cutar gaskiya ce, tana bin numfashi da feshin yawun da ke fita idan mutum ya yi tari ko atishawa ko ya ɗaga murya, kuma ƙyalle mai kyau a kan baki da hanci yana rage abin da ke fita da abin da ke shiga. Inda nake da magana shi ne yadda wasu makarantu suka fassara umurnin: a tsayar da mai gadi ko wani babban ɗalibi a bakin ƙofa, duk yaron da ya zo fuskarsa a buɗe a ce masa ya juya gida. Ina koyarwa a firamare a garin Diffa, kuma ra'ayina shi ne wannan korar ta fi rashin takunkumin illa ga 'ya'yanmu.

Sai mu fara tuna inda muke. An samu mutum na farko mai ɗauke da cutar a Yamai ranar 19 ga Maris na 2020, washegari aka rufe makarantun ƙasar baki ɗaya, ba a sake buɗe su ba sai 1 ga Yuni. Yaron Yamai ko na Dosso bai saba ganin an garƙame makarantarsa saboda wani bala'i ba. Yaron bakin Komadugu kuwa ya saba. Tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a watan Fabrairu na 2015 jiharmu take cikin dokar ta-ɓaci. A shekarar ce aka rufe makarantu fiye da 100 a ƙauyukan bakin kogi da na bakin tafkin Cadi, mutane suka kwaso yaransu suka zube a gefen babbar hanya, a Asaga da Ngagam da Kinjandi, wasu a sansanin Sayam Forage. A watan Oktoba na 2019 kogin ya yi ambaliya ya cinye gidaje da gonaki. A watan Disamba na 2020 aka kai wa Tumur hari, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje da kasuwa. Yaron da ke aji shida a farkon 2021, wato CM2, ya shiga makaranta ne a shekarar da duk wannan ya fara. Da wuya a nuna masa shekara guda da ya yi karatu daga farko har ƙarshe hankalinsa kwance.

Duk malamin da ya yi aiki a irin waɗannan wurare ya san wahalar da ake sha kafin a shawo kan uba ya bar ɗansa ya zo aji. Sai an bi gida-gida, an zauna da bulama, an roƙi liman ya sa baki. Uban yana da hujjarsa: akwai ban-ruwa a gonar tattasai, akwai awakin da za a kora, akwai tallar da ke kawo kuɗin cefane. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, domin a ƙasar nan kusan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin su cika shekara 18. To bayan duk wannan fama yarinya ta zo, sai mu da kanmu mu ce ta koma gida saboda ƙyallen dala 20? Rana ta farko za ta koma da kuka. Rana ta biyu uwarta za ta ɗora mata tiren talla, tun da ai makarantar ce ta ce ba ta so. Rana ta uku ba wanda zai sake tayar da maganar.

Kuma ina yaron da aka kora yake zuwa? Ba ɗaki yake shiga ya kulle kansa ba. Kasuwa yake tafiya, ko tasha, ko layin famfo inda mutum hamsin ke gogayya da jarkoki, ba mai takunkumi ko ɗaya a cikinsu. Mun raba shi da wurin da aƙalla akwai babba mai sa masa ido, mun tura shi inda cunkoso ya fi yawa, sannan mu rubuta a rahoto cewa makarantarmu tana bin ƙa'ida ɗari bisa ɗari.

Mu yi lissafin kuɗin kuma. A ce takunkumin da ake sawa a yar yana kan dala 20. Magidanci mai yara 5 a makaranta zai kashe dala 100 kullum, jika 2 da rabi a mako, jika 10 a wata. Wannan mutumin ne fa aka hana shi cinikin kifi da na tattasai na tsawon lokaci saboda tsaro, aka hana shi hawa babur, gonarsa kuma tana bakin ruwa inda zuwa ma sai da addu'a. Abin da ya riƙa faruwa a lokacin kowa ya gan shi. Ana sayen guda ɗaya a yi mako ana sawa har ya koma kalar ƙasa. Wa da ƙane suna karɓa-karɓa. Wani yaron ya shiga da shi, ya miƙa wa abokinsa ta saman katanga shi ma ya shigo. Wani a bola ya tsinto nasa. Ƙyallen da ya jiƙe da majina da yawu, ya faɗi ƙasa sau goma, ya bi fuskoki uku, ba kariya yake bayarwa ba. Tikitin wuce mai gadi ne kawai.

Abin mamaki, hukumomin lafiya na duniya ma ba su ce a yi wa yara kuɗin goro ba. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da shawara a kan yara da takunkumi, kuma sun kasa su gida uku. 'Yan shekara 5 zuwa ƙasa, kada a tilasta musu. 'Yan shekara 12 zuwa sama, su sa kamar yadda manya ke sawa. Na tsakiya, daga 6 zuwa 11, a duba hali: yawan yaɗuwar cutar a wurin, ko yaron zai iya sawa da cirewa yadda ya kamata, ko akwai hanyar wankewa da sauyawa, da kuma abin da sawar za ta yi wa karatunsa. Kusan duk 'yan firamarenmu a wannan rukuni na tsakiya suke. Wato an bar mana ƙofar yin amfani da hankalinmu, mu ne muka rufe ta don tsoron kada sufeto ya zo ya tarar da fuska a buɗe.

Maganar abin da takunkumi ke yi wa karatu ita ce wadda na fi so iyaye su ji, domin ba a cika faɗinta ba. Yaron da ke shiga ajin farko a Diffa yana zuwa ne da Barbarci ko Fulatanci ko Hausa ko Tubanci ko Larabci, sai ya tarar da malami yana Faransanci, harshen da bai taɓa jin an yi a gidansu ba. Littafi ɗaya ne tsakanin yara da yawa, wani lokacin ma babu. Saboda haka bakin malami shi ne littafin. Ɗauki kalmomin "pain" da "faim", burodi da yunwa. A kunnen yaron da ya tashi da Hausa kusan abu ɗaya ne, domin harshenmu bai raba "p" da "f" ba. Yadda muke koya masa shi ne mu ce ya dubi bakinmu: a ta farko leɓɓa biyu suna haɗuwa su buɗe, a ta biyu haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa. Haka "rue" da "roue", haka "v" da "b". Idan na ɗaure bakina da ƙyalle na rufe littafin ke nan. Idan shi ma yaron bakinsa a rufe yake, ba zan ga inda ya kuskure ba balle in gyara masa. A aji mai yara 70 ko 80, ga hayaniyar ajin da ke maƙwabtaka tana ratso zana, muryar da ta bi ta cikin ƙyalle ba ta wuce benci na uku. Yaron da ke da ƙarancin ji, wanda dama da kallon leɓe yake kama rabin darasi, shi kam an sallame shi ba tare da an faɗa masa ba.

Wani zai ce yara ba su cika jigata da cutar ba, amma suna iya kai ta gida ga kaka mai hawan jini ko ciwon suga. Wannan gaskiya ne, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu tsaurarawa suke da ita. Gidajenmu manya ne, kaka da jika sukan kwana ɗaki ɗaya, kuma idan numfashi ya sarƙe wa tsoho a Gueskerou ko Chetimari, tafiyar da ke gabansa kafin ya samu iskar taimakon numfashi mai tsawo ce. Yamai kuwa tana nesa da mu da fiye da kilomita 1,300. Shi ya sa ban ce a jefar da takunkumi ba. 'Yan kwaleji da 'yan lise su sa. Manyan 'yan firamare da suka iya kula da shi su sa idan suna cikin rufaffen aji. Malamai mu sa a ofis da wurin taro da lokacin da muke zagayawa tsakanin bencina, domin mu manya mu ne muka fi haɗarin kwasa da rabawa. Amma a lokacin darasin karatu da furuci a aji ɗaya da aji biyu, a bar malami ya ja da baya zuwa jikin allo, ya bar tazara tsakaninsa da bencin gaba, a buɗe ƙofa da tagogi, ya sauke ƙyallen yara su ga bakinsa. In da inuwar dogon yaro a fili, a fitar da tabarmi a yi darasin a can. Azuzuwan zana da muke kuka da su shekara da shekaru, a wannan fanni ɗaya dai sun fi na siminti masu tagogin ƙarfe a rufe, domin iska tana ratsa su ta ko'ina.

Sannan duk makarantar da za ta ce dole a sa, to ita ce za ta bayar. Muna da teloli a kowace unguwa, har a cikin 'yan gudun hijira akwai matan da suka koyi ɗinki. Takunkumin yadi mai ninki uku, daidai fuskar yaro, guda biyu ga kowane ɗalibi don a wanke ɗaya a sa ɗaya, ba abin da ya fi ƙarfin kwamitin kula da makaranta na COGES da ƙungiyar iyaye mata ba ne, idan ma'aikatar magajin gari da ƙungiyoyin agajin da suka cika garin nan suka sa hannu. A ajiye wasu wankakku a ofishin darakta saboda wanda ya manta ko ya yar. Rufe baki da hanci ba baƙon abu ba ne a nan. Duk wanda ya ga Batube ko Buzu ya ja rawaninsa, ko ya ga yadda mata ke kare fuska da gefen mayafi idan ƙurar hunturu ta taso, ya san ba al'ada ce ke hana mu ba. Kuɗi ne da ruwan wanki.

Ruwan nan shi ne inda nake ganin mun fi sakaci. A 2017 cutar hanta nau'in E ta ɓarke a jihar Diffa, ta fi yin ɓarna a wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune, ta kashe mata masu juna biyu. Gurɓataccen ruwa da rashin makewayi ne suka kawo ta. Shekara uku da wani abu bayan haka, akwai makarantun da yaro zai yi wuni bai ga ɗigon ruwan wanke hannu ba. Bokitai masu famfo da aka raba lokacin komawa aji a watan Yuni na 2020, na ga inda suka koma ajiya a bayan ƙofa, saboda ba a tanadi wanda zai riƙa cika su ba, ba a kuma ware kuɗin sabulu ba. Takunkumi ana ganinsa daga nesa, yana kyau a hoto idan baƙi sun zo ziyara. Sabulu kuwa ƙarewa yake yi, sai an sake saye kowane mako, shi ya sa ba mai son ɗaukar nauyinsa. Alhali shi ne zai yi mana maganin korona da gudawa da ciwon ido a lokaci guda.

Akwai kuma abin da yara ke gani da idonsu. Kafin zaɓen 27 ga Disamba na 2020 an yi tarukan siyasa a ko'ina cikin ƙasar, dubban manya kafaɗa da kafaɗa, ana kiɗa ana kirari, masu takunkumi ba su taka kara sun karya ba. An kuma yi zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu na 2021. Bukukuwa da zaman makoki suna nan yadda suke. Idan aka bar duk wannan aka tsare ɗan shekara 7 a ƙofar makaranta, me muke koya masa game da doka? Kuma me za mu ce wa uban da dama yake cewa cutar nan ta 'yan boko ce da masu neman kuɗin Turawa? Mun ba shi hujja da hannunmu.

A lokacin sanyi da ƙura, yara da yawa ma suna jin daɗin ƙyallen saboda yana tare musu hazo. Daga watan Maris labari yakan canza. Zafin Afrilu da Mayu a Diffa yana haura digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano kuwa sai wanda ya zauna zai ba da labari. A lokacin ne takunkumi zai jiƙe da gumi kafin ƙarfe goma, yara su mayar da shi ƙarƙashin haɓa, masu gadi kuma su ƙara zafin kora. Ina roƙon iyaye su nemi a kira taron COGES na makarantar 'ya'yansu, su tambayi darakta abu uku a gaban kowa: wane aji ne zai sa kuma a wane lokaci, wa zai ɗinka ya kuma wanke, da kuma wa zai riƙa cika bokitin ruwa kowace safiya. A kuma rubuta a takardar taron cewa yaron da ya zo babu takunkumi za a ba shi ɗaya ya shiga aji.