Masu ƙirga kilomita, ku duba kalandar garinku

Duk farkon shekara, waɗanda suka rungumi gudu a garuruwanmu kan ɗaukar wa kansu alkawari. Wannan ya ce bana sai ya cika kilomita 1,000, wancan ya ce shi 2,000 zai yi. Su rubuta adadin a manhajar Strava ko wata irinta, waya ta riƙa yi musu lissafi, kullum tana nuna musu ko suna gaba ko an bar su a baya. Ina murna da wannan sabuwar al'ada ƙwarai. Ka je Dandalin Murtala a Kaduna da sassafe, ko bakin tafkin Jabi a Abuja ranar Asabar, ko kewayen filin sukuwa a Kano, za ka tarar da ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suna sassarfa, har da dattawan da likita ya ce su motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga. Ba kuɗi suke nema da gudun ba, ba kuma wanda ya tilasta musu. Da su nake magana a wannan makon.

Sanya wa kai adadi na shekara abu ne mai kyau, domin yana tada mutum daga shimfiɗa ranar da kasala ta danne shi. Inda nake da ja shi ne yadda ake raba adadin daidai wa daida a kan makonni 52. Wannan rabon bai dace da ƙasarmu ba, kuma shi ke kai mutane da yawa ga rauni.

Mu yi lissafin. Kilomita 2,000 in aka raba su gida 52, kowane mako zai tashi da 38 da rabi, wato kusan goma-goma sau huɗu. Mai 1,000 kuwa 19 da ɗoriya ne a mako. A takarda ba wuya. Manhajar ma haka take yi: ta ja layi miƙaƙƙe daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, duk ranar da ba ka fita ba ta rubuta maka bashi. Ba ta san Afrilun Sakkwato ko na Maiduguri ba.

Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Arewa yakan haura digiri 40, kuma ko da asuba ƙasa ba ta gama hucewa ba. A irin wannan yanayi jiki yana tura jini mai yawa zuwa fata domin ya sanyaya kansa, sai zuciya ta ƙara bugu alhali ƙafa ba ta ƙara sauri ba. Gumin da mai gudu ke zubarwa yana iya wuce lita guda a sa'a ɗaya. Wanda ya ji jiri, ko kansa ya fara sarawa, ko tsigar jikinsa ta tashi cikin zafi, to ya tsaya nan take, ya nemi inuwa da ruwa. Zafi yana kashe masu gudu, har da matasa masu ƙarfi. Kilomita goma na bazara ba ɗaya suke da goma na Disamba ba, amma waya lamba ɗaya take ba su.

Sai hunturu, wanda shi ne lokacin da gudu ya fi daɗi, in ba don ƙura ba. Iskar tana kwaso ta ne daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zube mana. Akwai ranakun da hazo ke hana jirage sauka a Kano. Mai gudu kuwa yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin wadda mai zaune ke shaƙa, kuma ta baki, inda babu abin da zai tace ta. Ranar da ka leƙa ba ka iya hango ƙarshen layinku, zama a gida ya fi, balle ga mai asma. Damina tana zuwa da sanyin safiya mai daɗi, amma tana zuwa da laka, da kwatami mai ambaliya, da sauro. Zazzaɓi ɗaya yana cinye mako biyu, kuma ba a gudu da zazzaɓi a jiki.

Ga kuma azumi. A 2024 da 2025 ya faɗo a Maris, daidai shigowar zafi, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. Masu gudun da na sani sun samo dabararsu: wasu su yi 'yar sassarfa ta rabin sa'a gab da magariba, gorar ruwa da dabino na ajiye a kan katanga suna jira, wasu kuma su bari sai an sauko daga asham. Ko wanne aka ɗauka, ba watan tara kilomita ba ne. In goman ƙarshe ta shigo, ga tahajjud, ga sahur, barcin ma bai isa ba.

Idan ka cire waɗannan, ka cire tafiye-tafiyen biki da ta'aziyya da jinyar iyali, da wuya mai iyali ya samu makonni 40 cikakku a shekara. Raba 2,000 gida 40, ka ga 50. Ashe wanda ya ɗauka ya yi alkawarin 38 a mako, alkawarin 50 ya yi bai sani ba. Manomi ba ya raba aikin gonarsa daidai a kan wata goma sha biyu; akwai lokacin sharar gona, akwai na noma, akwai na zama. Haka ya kamata mai gudu ya tsara shekararsa: ya gina a damina da kaka, ya kai ƙololuwa a hunturu, ya sassauta a bazara da azumi ba tare da ya ɗauki kansa mai laifi ba. In ya tara abin da waɗannan watanni za su bayar, shi ne adadinsa na gaskiya.

Abin da ke faruwa in ba a yi haka ba, a watan Disamba ake ganinsa. Wani matashi, ɗan abokina, ya zo gaishe ni yana ɗingishi kaɗan. Na tambaye shi, ya ce, "Baba, ba komai, saura kilomita ɗari uku ne in cika, shi ya sa nake fita safe da yamma." Na ce ya naɗe wandonsa. Na bi ƙashin ƙwaurinsa da yatsa a hankali daga sama zuwa ƙasa, sai da na zo wani wuri guda, bai fi faɗin kwabo ba, ya zabura ya riƙe hannuna. Na ce, "Ɗana, wannan ba gajiya ba ce. Ka je asibiti a duba ƙashin nan kafin ka sake taka kwalta." Ciwon da ya taru a wuri ɗaya kan ƙashi, yana ƙaruwa in ana gudu, yana iya zama alamar tsagewar ƙashi, kuma jinyarta makonni ce masu yawa ba gudu.

Dalilin a bayyane yake. Zuciya da huhu suna saurin sabawa. Cikin 'yan makonni mutum zai ji hakin ya ragu, ya ɗauka ya ƙware. Ƙashi da agara da jijiyoyin gwiwa kuwa watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Tsakanin waɗannan biyun ne rauni yake fakewa. Masu horarwa suna da wata ƙa'ida da suke yawan faɗa, cewa kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na nisan mako a mako na gaba. Ba laya ba ce. Wani bincike da aka yi a Groningen ta ƙasar Holan, aka buga a 2008, ya gwada ta a kan sabbin masu gudu sama da 500, aka ga kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ji rauni, da waɗanda suka bi ta da waɗanda ba su bi ba. Duk da haka ruhinta daidai ne: ninka nisa dare ɗaya don biyan bashin waya ganganci ne.

Samarinmu suna son ambaton Eliud Kipchoge, ɗan Kenya da ya yi gudun famfalaki cikin sa'a 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a Oktoban 2019. Suna jin cewa yana yin wajen kilomita 200 a mako a sansaninsu na Kaptagat. Gaskiya ne, amma gudun shi ne sana'arsa. In ya dawo ya ci abinci ya kwanta, akwai mai yi masa tausa, akwai mai horar da shi, Patrick Sang. Kai kuwa daga gudu sai kai yara makaranta, sai kasuwa ko ofis har yamma. Abin koyi a wurinsa daban ne: yawancin gudunsa a hankali yake yin sa, yana hutun makonni bayan kowace babbar gasa, kuma yana rubuta atisayensa da hannu a littafi. Masanin motsa jiki Stephen Seiler ya nuna cewa manyan 'yan tseren nesa suna yin kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu ne cikin sauƙi. Ma'aunin kuwa ba ya buƙatar agogo mai tsada: in ba za ka iya yin hira da na kusa da kai kana gudu ba, ka yi sauri da yawa. Mu a nan akasin haka muke yi, kowace fita sai an yi tsere da aboki.

Akwai kuma Ron Hill, Baturen Ingila da ya ci gasar Boston a 1970, wanda ya yi gudu kowace rana tun daga Disamban 1964 har Janairun 2017, shekara 52 da kwana 39, har da washegarin haɗarin motar da ya karya masa ƙashin ƙirji. Ina girmama naciyarsa, amma ba zan ba kowa shawarar ya bi sahunsa ba.

Wanda lafiya kawai yake nema, bukatarsa ba ta kai yadda ake zato ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Gudun rabin sa'a sau uku a mako ya cika sharaɗin, kuma a shekara bai kai kilomita 800 ba. Kada mai 800 ya ji kunya gaban mai 2,000. A tuna kuma da aljihu, domin masu horarwa kan ce takalmi yana mutuwa ne tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Mai sayen na gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai ya danna tsakiyar tafin da babban yatsa. In ya ji ya taurare, ko ya ga dunduniyar ta cinye gefe guda, wani ya riga ya gama da shi.

Wanda ya wuce nan, yana son gwada kansa, to gasa ya kamata ta tsara masa shekara, ba adadi ba. Gudun famfalakin Legas, da aka fara a 2016, a Fabrairu ake yin sa, kilomita 42.195. Shirin irinsa yana cin wata huɗu zuwa biyar, wato daga Oktoba, daidai lokacin da yanayinmu ya fi kyau. Sai dai wanda ya yi atisaye cikin busasshiyar iskar Zariya ya sani cewa a Legas gumi ba ya bushewa a jiki, don haka ya rage burin lokacin da ya ɗora wa kansa. Akwai tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo, mai hawa da gangara, tun 2013. Kaduna ta shirya nata na kilomita 21 a Nuwamban 2020, Abuja ma ta yi nata a 2023. 'Yan Filato, musamman na yankin Pankshin, sun daɗe suna nuna cewa Arewa tana da ƙafa.

A nan ne nake ganin babban giɓinmu. Ɗan Katsina ko Gusau da ke son shiga gasa sai ya haɗa kuɗin mota da masauki ya tafi wani gari mai nisa, sau ɗaya a shekara in ya samu hali. Da yake babu tseren da zai auna kansa da shi a gida, lambar waya ce kaɗai ta rage masa, shi ya sa ya manne mata. A Landan, mutum 13 ne suka fara haɗuwa a lambun Bushy a 2004 suna gudun kilomita biyar duk Asabar kyauta, abin da ya zama parkrun, ya isa Afirka ta Kudu a 2011. Can ɗin ma ƙungiyoyin unguwa ne ke ciyar da babbar gasarsu ta Comrades, wadda ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg.

Mu ma ba sai mun jira gwamna ko banki ba. Harabar jami'a ko kwaleji ta isa, inda babu a-daidaita-sahu da 'yan acaɓa, inda kuma mata za su iya fitowa cikin suturarsu hankali kwance, domin su ne titi ya fi takura wa. A auna kilomita biyar sosai a shafa fenti a kowane kilomita, a samu mutum biyu masu riƙe agogo, da mai rubuta sunaye, da jarkokin ruwa, da ma'aikacin jinya ɗaya. A yi shi Asabar ɗin farko ta kowane wata da ƙarfe shida da rabi na safe. A Afrilu da Mayu a rage shi zuwa kilomita uku, in azumi ya kama kuma a mayar da shi dare, bayan asham, a filin da ke da fitila.