Makaranta a Kulle: Yaro Zai Iya Kai Gwamnati Kotu?

A watan Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta ƙauyen Rama a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, suka yi awon gaba da malamai uku. A shekarun baya makarantu da dama a ƙauyukan gefen dajin Kamuku sun daɗe a kulle, yaransu suna gida ko sun gudu cikin gari. Tambayarmu ta wannan mako, 'yan uwa ɗalibai, ita ce: yaron da aka rufe wa makaranta yana da abin faɗa a gaban alƙali?

Mu buɗe Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Sashe na 1 ya ce kundin ne kan gaba, duk dokar da ta saɓa masa ta zama banza. Kotu ce ke da hurumin duba doka ko aikin gwamnati ta auna shi da kundin. Amurka ce ta shahara da wannan tsari, tun wata shari'a ta 1803.

Amma kundin namu ya raba alkawuransa gida biyu. Babi na Huɗu ya ƙunshi haƙƙin rai, 'yancin faɗin albarkacin baki, 'yancin addini da na zirga-zirga. Wanda aka tauye wa ɗaya daga ciki, sashe na 46 ya ba shi damar zuwa babbar kotu kai tsaye. Ilimi kuwa yana Babi na Biyu, a sashe na 18, inda aka ce gwamnati za ta ba da shi kyauta in hali ya yi. Sai kuma sashe na 6(6)(c) ya ɗaure wa kotu hannu, ya hana ta tuhumar gwamnati kan alkawuran wannan babi. An ba ka da hannun dama, an karɓe da na hagu!

Lauyoyi ba su haƙura ba. A 2002 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Ondo ta shigar kan dokar hukumar ICPC, ta nuna cewa idan majalisa ta mayar da wani alkawarin Babi na Biyu doka, to ana iya tilasta shi. A 2004 aka yi dokar UBE, wadda ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilimi kyauta daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Da waɗannan biyun ƙungiyar LEDAP ta tafi Babbar Kotun Tarayya a Abuja. A 2017 Mai shari'a John Tsoho ya yanke hukunci cewa ilimin waɗannan shekaru tara haƙƙi ne da ɗan ƙasa zai iya nema a kotu.

'Yan babbar sakandare, ku lura: dokar ta tsaya ne a aji uku na ƙaramar sakandare. A ganinmu wannan giɓi ne da ya kamata majalisa ta cike.

To mu koma Birnin Gwari. Takardar hukunci ba ta korar ɗan bindiga daga daji, kuma ba alƙalin da zai tura malami inda za a sace shi. Duk da haka akwai bambanci tsakanin roƙon alfarma da neman haƙƙi. Idan makarantar ƙauye ba ta buɗuwa, nauyin gwamnati bai sauka ba. Iyaye na iya tambayar inda aka tanadar wa 'ya'yansu aji da malami a garin da suka sami mafaka, kuma lauya yana da hukuncin 2017 da zai jingina a kai.

Tsaron kansa fa? Sashe na 14(2)(b) ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Ku duba kundin da ke ɗakin karatunku, za ku tarar shi ma yana cikin Babi na Biyu.