Sojan Da Ya Dawo Da Ƙafa Ɗaya

Kowace shekara ran 15 ga Janairu akan yi bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru. Wannan duk don waɗanda suka kwanta dama ne. To, wanda ya dawo da ransa amma ba ƙafa fa?

Mu mutanen Birnin Gwari ba labari aka ba mu ba. A watan Maris na 2018 'yan bindiga suka kashe soja 11 a Kamfanin Doka, an kuma sha ba-ta-kashi a dajin Kamuku. Mamatan akan ƙidaya su, amma waɗanda harsashi ya naƙasa ba a cika jin ɗuriyarsu ba bayan sun bar asibiti.

Ni a ganina fansho ladan shekarun aiki ne, ba diyyar ƙafa ba. Saurayin da ya yi shekara huɗu kacal da kaki, nawa zai samu? Ga shi noma ya gagare shi, ga iyali. Kamata ya yi kuɗin naƙasa ya zo dabam duk wata, gwargwadon raunin, ya riƙa tashi yadda kuɗin masara ke tashi. In ƙafar roba ta lalace a sake masa kyauta. Tantancewa kuwa, ma'aikata su iske shi gida, don hanyar Kaduna ko mai ƙafa biyu tana ba shi wuya.