'Yar Kasuwa Kirista, Tiyarki Ce Wa'azinki

Jama'a, yau da 'yan'uwana Kirista masu neman abinci a kasuwannin Damagaram zan yi magana, amma ina roƙon Alhazai da Hajiyoyi ku ma ku ba ni aron kunnuwanku, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona a Kasuwar Dole. Wata baiwar Allah mai sayar da gero, wadda duk ranar Lahadi tana sahun gaba wajen waƙa a majami'a, na lura tiya biyu gare ta. Ɗaya mai zurfi, da ita take auna wa 'yan ƙauye in sun kawo hatsi. Ɗayar kuwa an buge gindinta ya shiga ciki, da ita take sayarwa. Da na ja ta gefe na yi mata magana, sai ta ce, "Haba Malam, kasuwa ce fa, kowa haka yake yi."

To, wannan "kowa haka yake yi" ita ce ta hana ni barci. Littafi Mai Tsarki bai bar maganar awo a duhu ba. A Maimaitawar Shari'a 25:13-16 an hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ko a jakarsa ko a gidansa. Karin Magana 11:1 ta nuna Allah yana ƙyamar ma'aunin algus. Annabi Amos kuma, a sura ta 8, ya tsawata wa 'yan kasuwar da suke ƙosawa ranar ibada ta wuce don su koma su rage mudu su ƙara farashi. Ashe tun zamanin da, an san masu sujada da safe su tauye awo da yamma. 'Yan'uwanmu Musulmi ma suna da wannan gargaɗi a Suratul Muɗaffifina, saboda haka babu mai tsira da hujjar rashin sani.

Wani zai ce, me ya sa na ware Kirista alhali laifin na kowa ne? Dalili shi ne, mu 'yan kaɗan ne a wannan ƙasa. A shekarar 1924 'yan mishan na SIM suka fara aiki a Nijar, kuma a nan Zinder suka fara sauka, lokacin garin yana babban birnin mulkin mallaka kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Yau shekara ɗari ke nan da 'yan kai, amma yawancin maƙwabtanmu na Birni da Zango ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ko da yake tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa. Abin da suke karantawa shi ne halinmu. In Musulma ɗaya ta yi algus, cewa za a yi wance ta cuce ni. In Kirista ɗaya ta yi, cewa za a yi haka Kiristoci suke. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Ba mu manta da ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 ba, sa'ad da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta ƙasar Faransa ta rikiɗe, aka ƙona majami'u a Zinder, washegari kuma wutar ta kai Yamai. An rasa rayuka, Kiristoci da dama sun fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. Bayan ƙura ta lafa, shugabannin ikkilisiya sun fito sun ce sun yafe. Wannan babban abu ne. Amma yafiya ta rana ɗaya ba ta gina amana. Amana a bakin rumfa ake gina ta, tiya bayan tiya, dala bayan dala.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, ki fasa tiyar nan ta biyu, ki saya da wadda kike sayarwa. Na biyu, mu rage rantsuwa. A Matiyu 5:33-37 Yesu ya koyar da cewa maganar mutum ta gaskiya ta wadatar ba sai ya rantse ba, amma sai ka ji ɗan kasuwa ya kama sunan Allah a kan cewa jaka goma ya sayo kaya, alhali jaka bakwai ya biya. Na uku, mu ji tsoron ɓoye hatsi. Waɗanda suka ga yunwar 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, sun san akwai gero a kasuwa, kuɗinsa ne ya gagari talaka. Karin Magana 11:26 ta nuna mai ɓoye hatsi tsinuwar jama'a yake kwasa, mai fito da shi kuwa albarka.

Na san za a ce riba za ta ragu, ga haya, ga haraji, ga kuɗin makarantar yara. Gaskiya ne, za ta ragu a farko. Addini bai hana riba ba. Lidiya da aka ambata a Ayyukan Manzanni sura ta 16 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada, ba a kuwa ce ta bar sana'arta ba. Cuta aka hana. Kuma duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san mai ciniki yana komawa ne inda bai taɓa zuwa gida ya sake awo ya ga ya ragu ba.

Wadda kuma ta riga ta cuci mutane, ƙofa a buɗe take. Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura ta 19, bai tsaya ga cewa ya tuba ba, sai da ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Ina kira ga fastoci da shugabannin Zumuntar Mata, kafin ku yaba wa mai kawo baiko mai kauri, ku koya mana tambayar kanmu da wace tiya aka auno shi.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya zaunar da Damagaram lafiya, amin.