Kafin ka ƙara wa motarka ƙarfi da kwamfuta, fara duba intakula

Yau maganar mota za mu yi, amma wayarka na da aiki a ciki, don haka kada ka wuce.

Ka dai ga bidiyoyin nan da suka cika TikTok da Facebook: a jona kwamfuta a jikin mota mai turbo, a canza lissafin ƙwaƙwalwarta, sai ka ji ana cewa ta ƙara ƙarfi ba a kwance ko noti ɗaya ba. Abin ya iso har nan ƙasar Gobir. Akwai wani direba da na sani mai jigila tsakanin Isa da Sakkwato da Sharon mai turbo, ya kai tasa birni aka yi mata wannan aiki cikin watan Janairu. Lokacin sanyi ne, baki har kunne. Da bazara ta kama sai labari ya canza. Abin da ya ce mini shi ne: "Da sahe tana tashi kamar doki, amma rana na take, motar ga sai ta koma jaki." Ya canza fulogi, ya canza famfon mai, ya zargi masu gidan mai. Babu wanda ya ce masa ya leƙa bayan bamba.

Ra'ayina ke nan tun daga farko: a wannan yanki namu, duk wanda ya ƙara wa turbo matsi bai kula da abin da ke sanyaya iskar ba, bashi ya ci, kuma injin ne zai biya.

Aikin turbo shi ne ta matse iska ta cusa wa inji, don ya samu iskar da zai ƙona mai da yawa. To ita iska in an matse ta zafi take yi. Taɓa gindin famfon keke bayan ka ba taya iska, za ka ji. Iska mai zafi kuma buɗewa take, ba ta da nauyi, kusan duk ƙarin digiri 10 na rage mata kashi 3 cikin 100. Shi ya sa aka sa intakula tsakanin turbo da inji. Kamanninta ɗaya da lagireto, sai dai ita iska ce ke bi ta cikinta ba ruwa ba, iskar hanya kuma na bugunta daga waje tana kwashe zafin.

Bari mu yi ɗan lissafi, don a nan maganar take. A ce zafin gari digiri 10 ne, kamar yadda ake samu a Jamus, inda aka ƙera Golf. Turbo mai matsakaicin inganci da ke ba da matsin ba 1 za ta fitar da iska mai zafin kusan digiri 100. Intakular da ke kwashe kashi 70 cikin 100 na ƙarin zafin za ta sauke ta zuwa wajen 37. Yanzu kawo motar nan hanyar Sabon Birni zuwa Goronyo a watan Afrilu, zafi digiri 40 ko fiye, abin da duk mun saba da shi daga Maris zuwa Mayu. Iskar za ta fito daga turbo da wajen digiri 138, ta shiga inji da kusan 70. Mota ɗaya, intakula ɗaya. Sai kuma mai kwamfuta ya ɗaga matsin zuwa ba 1.4. Iskar da ke fitowa daga turbo ta haura digiri 160 ke nan, ita kuwa intakular tana nan yadda kamfani ya yi ta, ba a yi shawara da ita ba.

Kuma ka tuna, intakula irin wannan ba za ta taɓa sanyaya iska ƙasa da zafin gari ba. Mu tun daga farawa an ci mu digiri talatin.

Me ke biyo baya? A injin fetur, iska mai zafi na sa man ya fashe kafin lokacinsa, wannan ƙarar da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙwaƙwalwar motar na ji, sai ta ja da baya don kare injin: ta jinkirta wuta, ta rage matsi, wani lokacin ta ƙara zuba mai don ta sanyaya ciki. Wato ƙarfin da ka biya kuɗi aka ƙara maka, motar da kanta ta karɓe shi, ga shan mai ya ƙaru, a zamanin da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace lita ciwo ce. Balle yawancin lissafin da ake saukewa daga intanet an rubuta shi ne don fetur mai lamba 95 ko 98 na Turai, ba don wanda ka saya a galan hannun 'yan bumburutu ba. A injin gas kuwa, irin na Hilux da manyan motoci, alamar ita ce baƙin hayaƙi da zafin salansa fiye da kima, in abin ya daɗe har fistan kan tsage.

Duk wannan da sauƙi in a cikin gari ne. Amma kai ma ka san hanyoyinmu. Daga Tozai zuwa Isa, daga Isa zuwa Shinkafi ko Sabon Birni, babu direban da ke son motarsa ta mutu masa a daji da la'asar sakaliya, da fasinja a ciki. A nan, motar da ba ta tsayawa ta fi motar da ke gudu.

To sai ka ruga ka yi odar ƙatuwar intakula mai walƙiya, irin ta bidiyo? A'a, nan ma ban yarda ba. Tukuna ka auna.

Sayi 'yar na'urar nan ELM327, wadda ake sokawa a ramin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ba ta da tsada, kuma da Bluetooth take magana da waya. Sauke manhajar Torque ko Car Scanner, ka haɗa, ka nemo ma'aunin da aka rubuta IAT, wato zafin iskar da ke shiga inji. Abu biyu ka kiyaye. Motocin Amurka daga 1996 suna jin wannan yare, na Turai masu fetur daga 2001, masu gas daga wajen 2004. Tsohuwar Golf 3 ba lalle ta amsa ba. Na biyu, a wasu motocin ma'aunin yana kusa da matatar iska ne, kafin turbo. In ka taka mota ka ga lambar ba ta hawa, to ba bayan intakula yake aunawa ba, sai ka nemo ɗayan in akwai.

Ka yi gwajin da tsakar rana, da kaya kamar yadda ka saba ɗauka. Wani ya riƙe wayar, don Allah, ba kai ba. Taka motar sosai a giya ta uku ko ta huɗu na ɗan lokaci, a duba inda lambar ta kai, a kuma duba saurin saukowarta in ka ɗaga ƙafa. Ni ma'aunina: in ba ta fi zafin gari da digiri 20 ba, intakularka lafiya lau, bar kuɗinka a aljihu. In tana kai 30, ta ishi injin yadda kamfani ya yi shi, amma babu sararin ƙari. In ta haura 40 kuma ta ƙi saukowa da wuri, akwai magana.

Ko a nan ma, sau da yawa ba ƙanƙanta ba ce matsalar, datti ne. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin gero, fara, leda, duk suna toshe 'yan ramukan nan. Na wancan direban da aka ciro, kai ka ce an yaɓe ta da laka. A wanke ta da ruwa a hankali, daga baya zuwa gaba. In yaran wankin mota suka kafa mata bakin injin feshi kusa, lanƙwashe haƙoran za su yi, gyara ya zama ɓarna. A duba cikinta. Ɗan maiƙo kaɗan ba komai ba ne, amma in baƙin mai ya kwanta har yana zuba, turbo ce ke yoyo, kuma a injin gas wannan haɗari ne, don injin na iya zuƙar man ya yi ta gudu ko an kashe makulli. A duba tiyo-tiyon da maɗaurinsu: a toshe baki, a ba da iska kaɗan, a shafa ruwan omo, duk inda ya yi kumfa nan ƙarfinka ke zurarewa.

In an yi duk wannan lambar ba ta sauko ba, kuma ka dage sai an bar motar da ƙarin matsin, to yanzu canji ya zama dole. Wurin zamanta ya fi girmanta muhimmanci. Golf 4 mai injin 1.8T, 'yar ƙarama ce aka ɓoye a kusurwar bamba. Hilux D-4D ta shekarun 2005 zuwa 2015, a saman inji take, tana shan iska ta hancin da ke kan bonet. A kan kwalta da gudu tana aiki, amma in ka shiga rairayi da giya ta ɗaya, ga kaya, ba iska, zafin injin ne ke gasa ta daga ƙasa. Mayar da irin waɗannan zuwa gaba yana taimakawa. Sai dai duk abin da ka kafa a gaba, lagireto ka tare wa iska, kuma iskar da za ta iso masa ta riga ta ɗumama. Mutum ya sanyaya iska ya dafa ruwa, ya ƙone gaskit, ina ribar? Wadda ta yi girma da yawa kuma tana sa turbo ta daɗe kafin ta cika ta, ka taka mota ta yi shiru tukuna. Ƙari matsakaici, tiyo gajere marar lanƙwasa da yawa, a toshe gefe-gefe don iska ta bi ta ciki dole, fanka kuma ta kasance mai rai.

Wajen saye, ni na fi natsuwa da ta Beljiyam da aka ciro daga babbar mota ta kamfani ɗaya, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano, a kan marar suna da hoto kawai ka gani a waya. Sharaɗi ɗaya: a gwada ta da iska da ruwan omo a gabanka, kuma in daga motar da turbonta ya fashe aka ciro ta, bar ta, don ɓarɓashin ƙarfe na maƙalewa a ciki.

Shi dai mutumin namu bai sayi komai ba. An wanke, an canza tiyo ɗaya da ya tsage ta ƙasa, ya koma wurin mai kwamfuta ya sa aka mayar masa da lissafin kamfani. Na'urar na nan soke a ƙarƙashin sitiyarinsa, yaron motarsa ne ke karanta masa lambar in sun wuce Goronyo.